TAIMAKON ƘASASHEN WAJE: ME KE SAURA BAYAN BAƘO YA TAFI?

Darasi daga ƙasar Kurfai

 

Ya ku 'yan'uwa, duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Yamai ta ratsa Baleyara da Bonkuku har Filinge, tafiyar kimanin kilomita 180, ya san alluna na ƙarfe da ake kafawa a bakin ƙauyuka. Kowane allo yana ɗauke da tutar wata ƙasa ko tambarin wata ƙungiya, da sunan aikin da aka yi, da shekarar da aka yi shi. Wani allon za ka tarar rijiyar da yake magana a kanta tana nan mata suna ɗibar ruwa. Wani kuwa sai ka ga allon kaɗai ya rage, ya yi tsatsa, famfon da ke bayansa ya daɗe da mutuwa, awaki na kwance a inuwarsa. Kuɗi iri ɗaya aka kashe a wuraren nan biyu, wani lokaci ma hannu ɗaya ne ya bayar. To, me ya raba su? Wannan ita ce tambayar darasinmu na wannan fitowa, kuma muna roƙon malamai da limamai su karanta shi tare da jama'a, domin magana ce da ta shafi tukunyar kowane gida.

NA FARKO: MENE NE TAIMAKON RAYA ƘASA?

Jama'a kan haɗa komai su kira shi «taimako» ko «furoje», alhali kuwa iri huɗu ne, kuma hukuncin kowane ɗaya daban yake.

1. Agajin gaggawa. Shi ne abinci da magani da tantuna da ake kawowa idan yunwa ko ambaliya ko tashin hankali ya auku. Manufarsa ceton rai a yau. Ba a yi shi domin ya dawwama ba.

2. Kyauta domin aikin raya ƙasa. Ita ce kuɗin da ake bayarwa a gina rijiya ko makaranta ko likita, ko a gyara ƙasar noma, ba tare da an nemi a biya ba.

3. Bashi mai sauƙi. Shi ne rancen da Bankin Duniya ko Bankin Raya Afirka ko wata gwamnati ke bai wa gwamnatinmu, a biya cikin shekaru masu yawa. Hanyoyin mota da madatsun ruwa da yawa da irin wannan kuɗi ake yin su. Mutumin ƙauye yana ganin aikin ya ce an taimake mu, bai san jikansa ne zai ƙarasa biya ba.

4. Taimakon ƙwararru. Wato a turo likitan dabbobi ko injiniya ko malami, ko a ɗauki ɗan ƙasa a kai shi karatu.

Masu bayarwa su ma kashi-kashi ne. Akwai gwamnatoci irin su Faransa da Jamus da Beljiyam da Italiya da Amurka da Saudiyya da Kuwait da Sin. Akwai hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. Akwai bankuna, cikinsu har da Bankin Musulunci na Raya Ƙasashe da ke Jidda, wanda ya fara aiki a 1975. Akwai ƙungiyoyi masu zaman kansu. Sa'an nan akwai garuruwan Turai da ke ƙulla zumunci da garuruwanmu kai tsaye. Abu na farko da ya wajaba mai hankali ya tambaya idan an zo garinsu da wani aiki shi ne: wannan wane iri ne daga cikin huɗun nan, kuma daga hannun wa ya fito?

NA BIYU: ALKAWARIN DA AKA YI A 1970

Taimako tsakanin yanki mai wadata da yanki mai buƙata ba sabon abu ba ne. A shekara ta 18 bayan Hijira fari ya sauka a Hijaz, shekarar da ake kira ta toka. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ya rubuta wa gwamnoninsa yana neman agaji, suka aiko da abinci. Abin lura a nan shi ne an tsara rabon, an ƙidaya masu ci, shugaban da kansa ya ƙuntata wa cikinsa har aka fita daga ƙuncin. Da ruwa ya sauka kuwa, sai aka taimaki mutanen ƙauye su koma wurarensu.

Tsarin da muke gani a wannan zamani ya samo asali ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya bunƙasa da ƙasashen Afirka suka karɓi mulkin kansu wajen 1960. A 1970 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa ƙasashe masu arziki su riƙa ware kashi 0.7 cikin 100 na abin da ƙasa ta samu a shekara domin taimakon raya ƙasashe matalauta. Wato daga kowace jika ɗaya a fitar da sefa bakwai. Fiye da shekara 50 bayan haka, ƙasashe ƙalilan ne suka cika wannan alkawari. A 2023 biyar ne kawai: Norwe, Lukzambur, Suwidin, Jamus da Danmak. Jimillar abin da ƙasashen ƙungiyar OECD masu bayar da taimako suka bayar a wannan shekara ta kai dalar Amurka biliyan 223, amma duk da yawanta ba ta wuce kashi 0.37 cikin 100 ba, wato kusan rabin alkawari. A cikin wannan lissafi ma har da kuɗin da suka kashe a cikin ƙasashensu wajen ɗaukar nauyin 'yan gudun hijira.

Ba mun faɗi haka domin mu raina kyautar mai kyauta ba ne. Mun faɗa domin a gane cewa abin da ake ba mu ba hakki ne tabbatacce da za mu iya kai ƙara a kansa ba. Majalisar wata ƙasa ce ke yanke shi kowace shekara, bisa ga bukatunta da ra'ayin masu zaɓenta.

NA UKU: YUNWA DA AMANA

Ƙasar Kurfai tana bakin iyakar noma. Ruwan samanta kaɗan ne, kimanin milimita 400 a shekara mai kyau, kuma cikin wata uku yake zuba. Albarkarta ita ce Dallol Boso, tsohon kwarin da ruwa ke kusa a ƙarƙashinsa, da kuma dabbobin da ke cika kasuwar Filinge ranar Lahadi. Saboda haka tarihin taimako a wannan ƙasa tarihin fari ne.

A 1931, bayan fara ta cinye amfanin gona, yunwa mai tsanani ta faɗa wa yammacin Nijar. Turawan mulkin mallaka ba su sassauta haraji da aikin tilas a kan lokaci ba, mutane da yawa suka mutu, wasu suka watse. Bayan haka ne aka tsananta dokar rumbunan ajiya na tilas, inda kowane mai gida zai zuba hatsi a rumbun da ba shi da iko a kansa. Dabarar ajiya mai kyau ce, amma da yake da bulala aka kawo ta, talakawa suka ƙi jininta. Wannan shi ne darasi na farko: abu mai amfani idan aka ɗora wa mutane shi ba da shawararsu ba, suna jiran ranar da za su yar da shi ne.

Daga 1968 zuwa 1974 fari ya game Sahel tun daga Senegal har Cadi. Shanu suka mutu garke-garke, makiyaya suka gangaro kudu ba su da komai. A wannan karon duniya ta ji labari, jiragen ruwa suka kawo dawa da masara da madarar gari ta tashoshin Kwatano da Legas, jiragen sama suka kai wani sashe arewa. A cikin wannan hali aka kafa ƙungiyar CILSS ta ƙasashen Sahel domin yaƙi da fari, a Wagadugu a watan Satumba na 1973, aka kuma kafa cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET a Yamai a 1974.

Amma abincin da ya iso ƙasa ba duka ya iso bakin mai yunwa ba. Aka yi ta ƙorafi cewa wasu manya suna ɓoye hatsin agaji suna sayarwa. Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma cikin manyan dalilan da suka bayar har da yadda aka tafiyar da agajin yunwa. Wanda ya jagorance su, Laftanar Kanar Seyni Kunce, ɗan wannan yanki ne, haifaffen Fandu ta ƙasar Tondikandiya. Mutane sun sha bamban a kan mulkinsa, wanda ya ƙare da rasuwarsa a 1987, domin mulki ne mai tsanani. Amma dattawa ba su manta da yadda ya sa ido a kan rumbunan hukumar OPVN ba, da yadda yakan sauka gari ba da sanarwa ba ya duba ma'aikata. Da fari ya dawo a 1984, a shekarar da Najeriya ta rufe iyakokinta, gwamnatinsa ta tura jama'a noman rani a fadamu da bakin rijiyoyi. Lambunan da ake gani a Dallol a yau, da dankali da kabeji da albasa, wani sashe nasu daga wannan kira suka samu ƙarfi.

Darasi na biyu ke nan: buhun agaji amana ce. Wanda ya ci shi ya ci hakkin maraya da gwauruwa da jariri, kuma ya toshe ƙofar da za a sake buɗewa gobe.

NA HUƊU: ABUBUWA BIYAR DA KURFAI TA GANI

Tashar Tukunus. Kimanin kilomita 20 arewa da Filinge akwai tashar kiwo ta Tukunus, wadda aka kafa a 1954 a kan fili fiye da hekta 4,000, domin zaɓe da kyautata irin shanun Azawak, waɗanda suka shahara da nono da jure fari. Baƙi da dama sun yi aiki tare da ita. Beljiyam ta ɗauki nauyin wani shiri na yaɗa bijiman Azawak ga makiyaya, Jami'ar Turin ta Italiya kuma ta yi aiki da Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai a kan yi wa shanu barbara ta hanyar allura. Me ya sa tashar ta wuce shekara 70 alhali furoje da yawa ba sa wuce biyar? Domin saniyar ta ƙasar nan ce, makiyayi ya san darajarta tun kafin Bature ya zo, kuma akwai ma'aikata 'yan ƙasa da ke zaune a wurin ko baƙo na nan ko ba ya nan. Baƙo ya ƙara ne a kan abin da ya tarar.

Gyaran faƙo. Daga farkon shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2000 Jamus ta ɗauki nauyin shirin PASP a arewacin jahar Tilaberi, har da ƙasar Filinge. Aikinsa farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Ana gina ramin rabin wata a kan gangare, bakinsa na fuskantar inda ruwa ke gangarowa, sai ruwan ya tsaya ya nutse maimakon ya wuce da ƙasa. Ana jera duwatsu a gicciye. Ana gina tassa, wato ƙananan ramuka da ake zuba taki a ciki a shuka hatsi. Inda aka yi aikin a gonar mutum, mai gonar ya ci gaba da gyara abinsa, maƙwabcinsa ma ya kwaikwaya ba wanda ya biya shi. Inda aka yi shi a filin kowa da kowa, aka biya mutane da abinci su yi gina, ba a kuma tsayar da wanda zai tsare wurin ba, sau da yawa ramukan sun cike, dabbobi sun cinye dashen. A Maraɗi da Damagaram an ga abin da ya fi wannan: manoma da kansu suka riƙa barin tsiron gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna sassabe su da kula, har aka ƙiyasta filin da ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5, da kuɗi kaɗan ƙwarai.

Fanfunan ruwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarun 1981 zuwa 1990 domin samar da ruwan sha, aka yi ta haƙa rijiyoyin burtsatse a Nijar da kuɗin Turai da na Larabawa, aka sa musu fanfunan hannu da na ƙafa. Ruwa mai tsabta ya rage kurkunu da zawo, wannan ba abin musu ba ne. Amma famfo inji ne, yana da roba da ƙarfe da ke cinyewa. Ƙauyen da bai tara kuɗin gyara ba, ba shi da makaniki kusa, ba a san inda ake sayen kayan ba, famfonsa ranar da ya tsaya ya tsaya ke nan, mata su koma tafki.

Rumbun tsimi. Wasu na ce masa bankin cimaka. Ana gina ɗaki, a zuba buhunan hatsi na farko kyauta, a naɗa kwamiti. Manufa ita ce a saya da kaka lokacin da hatsi ke araha, a sayar wa mutanen gari da damina a farashin da bai kai na kasuwa ba, kuɗin ya sake sayen wani. Dabara ce irin wadda Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya tsara wa Masar: a ajiye a shekarar wadata domin shekarar tsanani. Amma rumbuna da yawa sun mutu cikin 'yan shekaru, kuma dalilan sanannu ne: bashi ga dangi da manya da ba a biya, sayarwa ƙasa da kuɗin da zai sake cika rumbu, rashin rubutu, da makulli a hannun mutum ɗaya.

Zumuncin gari da gari. Filinge ta ƙulla zumunci da garin Athis-Mons da ke kusa da birnin Paris, kamar yadda Tilaberi ta ƙulla da Juvisy. Kuɗin irin wannan hulɗa ba su kai na manyan hukumomi ba, amma tana da wata fa'ida: mutanen sun san juna da suna, suna zuwa suna komawa, ana iya tambayar wanda ya yi alkawari bara ina ya kwana.

Idan muka haɗa waɗannan biyar za mu ga ƙa'ida ɗaya. Abin da mutane suka ɗauka nasu ne, ya rayu. Abin da suka ɗauka na furoje ne, ya mutu tare da furoje.

NA BIYAR: LADAN KUTURU

Hausawa na cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Taimako yana zuwa da sharaɗi, ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

Da farashin yuraniyam ya faɗi a farkon shekarun 1980, Nijar ta shiga yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya tun daga 1983. Sharuɗɗan sun haɗa da rage kashe kuɗin gwamnati, da rage ɗaukar ma'aikata, da sayar da wasu kamfanonin gwamnati. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Mai sayar da sa zuwa Najeriya ya ɗan ji daɗi, mai sayen magani da taki da kayan famfo ya ji a jikinsa. A 2004 aka yafe wa Nijar wani babban sashe na bashinta a ƙarƙashin shirin sauƙaƙa wa ƙasashe matalauta, da sharaɗin kuɗin su tafi ga ilimi da lafiya da karkara.

Akwai kuma taimako mai igiya, inda mai bayarwa ke cewa sai an sayi motoci da injuna daga ƙasarsa, sai an ɗauki kamfaninsa. Ta haka wani kaso na kuɗin ke komawa inda ya fito. Masu bayarwa da kansu sun amsa cewa akwai gyara. A taron Paris na 2005 aka amince da ƙa'idodi biyar: ƙasa mai karɓa ita ce mai tsara abin da take so, masu bayarwa su bi tsarinta, su haɗa kai kada kowa ya zo da nasa salo, a auna aiki da sakamakonsa, kowane ɓangare ya yi wa ɗaya bayani. Afirka ma ta kafa nata shiri, NEPAD, a 2001, kuma wanda ya shugabanci hukumarsa daga 2009 zuwa 2022 shi ne Ibrahim Asan Mayaki, tsohon firaministan Nijar, wanda gidansu ya fito daga Filinge.

A wannan shekara ta 2005 da ake rattaba hannu a Paris, Nijar na cikin matsalar abinci bayan fara da ƙarancin ruwa na 2004. Akwai hatsi a kasuwa, amma talaka ba shi da kuɗin saye. An daɗe ana sayarwa da rahusa ana jinkirin rabawa kyauta, domin gudun ɓata kasuwa, sai da hotunan yara masu tamowa suka bazu a duniya kafin agaji ya kwararo. Wannan ya nuna mana cewa kunnen duniya ba ya jin kuka da wuri. Wanda ba shi da ajiyarsa, zai jira.

NA SHIDA: RANAR DA AKA JANYE HANNU

Tun daga 2012, da rikicin Mali ya koro 'yan gudun hijira zuwa Abala, arewacin wannan yanki ya shiga halin rashin tsaro. An kai hare-hare a Shinagodar a 2020 da ƙasar Banibangu a 2021, an hana hawa babur, makarantu da dama sun rufe. Bayan kisan ma'aikatan agaji a Kure a watan Agusta na 2020, baƙi da yawa suka daina fita ƙauyuka.

Sa'an nan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Faransa da Tarayyar Turai da Jamus da wasu suka dakatar da taimakon raya ƙasa, Amurka ta tsayar da shirinta na dalar Amurka miliyan 437 da aka sa wa hannu a 2016, ƙungiyar ECOWAS ta rufe iyakoki har zuwa Fabrairun 2024. A watan Oktoba na 2023 gwamnati ta zabge kasafin kuɗin shekarar da kimanin kashi 40 cikin 100. A 2025 kuma Amurka ta rushe hukumarta ta USAID baki ɗaya, abin da ya taɓa ƙasashe da yawa da ba su yi juyin mulki ba.

Ba aikin wannan darasi ba ne ya yanke hukunci a kan siyasar waɗannan al'amura. Abin da ya shafe mu shi ne, ba a tambayi mai lambu a Dallol ba, ba a tambayi matar da ke kai ɗanta awo ba, kafin a yanke waɗannan shawarwari a Paris ko Washington. Zanen aro ba ya rufe katara. Mai shi na iya karɓar abinsa a ranar da ka fi bukatarsa.

NA BAKWAI: ABIN DA YA HAU KANMU

Kada wani ya fahimci cewa muna kira a ƙi taimako. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma allurar rigakafi da rijiya da makaranta sun ceci rayukan da Allah kaɗai Ya san adadinsu. Godiya ga wanda ya kyautata maka wajibi ce, ko daga ina ya fito. Abin da muke kira gare shi shi ne mu shiga hulɗar a matsayin abokan aiki masu ido. Ga abubuwa shida:

1. A yi tambaya tun ranar farko. Shekara nawa aikin zai yi? Kyauta ce ko bashi? Wa zai gyara idan ya lalace? Me ake so daga gare mu? A yi tambayoyin a bainar jama'a, gaban maigari da magajin gari, mata su ma a ji ta bakinsu, domin su ne masu ɗibar ruwa da daka.

2. A faɗi gaskiya a wajen ƙidaya. Ƙara sunayen da babu su, ko cire sunan mabukaci domin gaba ko bambancin jam'iyya ko ƙabila, cin amana ne. Bakurfaye da Bazabarme da Bafillace da Buzu, yunwa ba ta bambanta su.

3. A rubuta komai. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Kwamitin rumbu ko na famfo ya zama da littafi, a karanta shi ga jama'a a ƙalla sau biyu a shekara. Makulli biyu, hannu biyu. Mai riƙe kuɗi daban, mai riƙe littafi daban.

4. A tara kuɗin gyara kafin abu ya lalace. Ga misali: ƙauye mai gida 100, idan kowane gida ya ba da dala ashirin a wata, wato sefa 100, an samu jika 10 a wata, jika 120 a shekara. Da wannan ana iya kiran makaniki a sayi ƙananan kaya ba tare da an jira kowa ba.

5. A sayar da hatsin rumbu a farashin da zai sake cika shi. Wanda ba shi da ko sisi, hakkinsa na cikin zakka da sadaka, ba cikin jarin rumbu ba. Idan aka gauraya biyun, rumbun ya mutu, shi ma ya rasa.

6. A raya abin da ke hannunmu. Zakkar hatsin damina ɗaya ce cikin goma ga wanda ya kai nisabi, ta kuɗi ɗaya cikin arba'in, ga ta dabbobi. Ga gayya, ga adashi, ga abin da 'ya'yanmu 'yan ci-rani ke aikowa daga Gana da Najeriya da Kwaddibuwa da Libiya. Da an tsara waɗannan da gaskiya da rubutu, da wani sashe na abin da muke miƙa hannu a kansa mun yi shi da kanmu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

TAMBAYOYI DOMIN NAZARI

1. Ku lissafa ayyukan taimako da aka yi a garinku cikin shekara 20 da suka wuce. Nawa ne ke aiki har yanzu? Wa ke kula da kowane ɗaya?

2. A cikin waɗanda suka mutu, wanne ne za a iya tayarwa da kuɗin jama'a kafin damina mai zuwa?

3. Yaushe aka karanta littafin rumbun tsimi ko na famfon garinku a gaban jama'a?

4. Idan gobe aka zo muku da sabon aiki, waɗanne tambayoyi za ku yi, kuma wa zai yi su?

Muna roƙon kowane masallaci ya zaɓi aiki ɗaya da ya mutu a unguwarsa, a je a duba shi da ido bayan sallar Juma'a, a dawo da bayanin abin da gyaransa zai ci.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya saka wa duk wanda ya taimake mu da alheri, Ya sa mu zama masu riƙon amana, Ya kai mu ranar da mu ma za mu zama masu bayarwa. Amin.